Bin Sawun Kayan Aro Daga Kazaure Zuwa Gwiwa

Tun da na dawo daga tafiyar nan ban huta ba. A gidan suna, a wajen ta'aziyya, har a bakin famfo, sai an tare ni: "Hajiya Rabi, yaya kika baro mutanen duwatsu?" In na ce lafiya lau, a ce na yi rowar labari. To ga shi na zauna zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta abinsa, bakina ya huta. Wanda ya ga ya yi tsawo, ya tuna shi ya nema.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaciyar lafiya ce mai ritaya, 'yar Haɗeja gaba da baya. Bayan kaka wata ƙungiyar agaji ta kira ni Dutse, wai tana son dattawa masu gaskiya su zagaya wurare huɗu su duba yadda ake kula da lafiyar ɗalibai da ma'aikata: wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a Kazaure, wani kamfanin sayen riɗi a Babura, wata cibiyar koyon sana'a a Roni, da wurin matsar man gyaɗa na mata a wani ƙauye gaba da Gwiwa. Tambayoyin duk a cikin wata faffaɗar waya suke. Akwai ɗakin shan magani? Akwai na'urar awon jini? Akwai rubutaccen tsarin lafiya a bango? Ka danna E ko A'a, ka ɗauki hoto, ka aika. Babu wurin da mutum zai faɗi abin da ke ransa.

Sai da aka gama koya mana, jami'ar da ke kula da aikin, wata matashiya mai gilashi, ta rufe ƙofa ta faɗi asirin. Duk wurin da ya fi kowa ƙarancin maki, shi za a buɗe wa ɗakin shan magani, da kayansa da ma'aikaciyar jinya, har shekara biyu. In wurare biyu sun yi kunnen doki, a ba wanda ya fi yawan jama'a. Tsoronta kada labari ya fita, mutane su ɓoye kayansu su nuna mana talaucin ƙarya. Ta sa muka sa hannu a takarda, sannan ta ce, "Mama, sa hannun na ofis ne. Ni amana nake ba ku." Na gyaɗa kai ina yaba hankalinta. Shekara talatin da biyar ina aiki cikin mutanenmu, amma ban tsaya na tambayi kaina ba: a ina aka taɓa ganin ɗayanmu ya nuna wa baƙo talaucinsa na gaskiya, balle ya ƙirƙiro na ƙarya?

Ni dai a raina an gama rabo. Wurin matsar man nan na Gwiwa aminiyata Talatu ce shugabarsa. Tare muka yi firamare, aure ya kai ta can. Mata kusan sittin ne suke wuni a kan wuta da tafasasshen mai, babu ko audugar goge ƙuna. Ita kanta Talatu hawan jini gare ta, sau biyu tana faɗuwa a bakin murhu. Magani sai kai ya sara take sha, awo kuwa sai an hau babur an je gari an yi asarar wuni, don haka ba ta zuwa. Abin da take bukata bai wuce a samu mai auna ta duk mako, ya yi mata faɗa ba. Na ce ba sai na ci amana ba, gaskiya kaɗai ta isa ta kawo musu ɗakin nan. Na buga mata waya na ce ina tafe ranar Alhamis da baƙo, kada ta wahalar da kanta. Ta ce Allah ya kawo mu lafiya.

Abokin tafiyata Malam Haladu ne, tsohon malamin lissafi, siriri kamar sillen kara, ga cin abinci kamar an aiko shi. Shi ke riƙe da wayar, don ni in na nufi E sai yatsana ya faɗa kan A'a. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma tun a tasha ya faɗa mini ita: "Hajiya, abin da ido ya gani shi nake dannawa."

Daga Dutse zuwa Kazaure sai ka fita daga jiharka, ka ratsa Kano da Dambatta, sannan ka sake shigowa gida ta ƙofar baya. Direba ya zuba mu huɗu a baya, biyu a gaba. Malam Haladu, saboda ramarsa, aka ba shi kusa da giya. Duk sanda direba zai canza giya sai ya ce, "Baba, ɗaga," Malam ya ɗaga gwiwa. Kafin Dambatta sun saba, har Malam ya fara ɗagawa tun ba a ce ba, yana ma gaya wa direba lokacin da ya kamata a sa ta huɗu. Ni kuma a baya wata mata ta ji ana kira na ma'aikaciyar lafiya, ta kwance mini ciwonta tun daga ƙeya har diddige, ta haɗa da na mijinta da bai zo ba.

A Kazaure duk inda ka juya dutse na leƙenka, abin da mu mutanen fadama ba mu saba da shi ba. Mai adaidaita sahu ya sauke mu a ƙofar kwalejin, muka tarar ɗalibai sun jeru sahu biyu cikin rana, shugaban makarantar na tsaye a gaba, babbar riga har ƙasa. Ya yi mana jawabin maraba a tsaye, ya maimaita shi a zaune, sannan ya ce mu je mu gani da idonmu.

Warin fenti ne ya fara tarbarmu a ɗakin shan maganin. Malam Haladu ya jingina da ƙofa, ya taso da koren layi a kafaɗa. A ciki ga gadon ƙarfe mai naɗewa, ga bokiti mai famfo, ga akwatin magani, ga sikeli, ga tsarin lafiya cikin firam a bango. Ga kuma na'urar awon jini, an naɗe bututunta da jan tef inda ya tsage. Nas ɗin wata baiwar Allah ce cikin farar riga mai tabon biro a aljihu, hannun rigar ya rufe mata yatsu. Na ce ta auna Malam mu gani. Ta ɗaura masa abin a kan riga, can ƙasa wajen agogo, ta danna. Ta tsaya tana kallon na'ura, na'ura na kallonta.

"'Yata, a ina kika yi karatun jinya?"

"Mama, ni mai buga takardu ce. Jiya aka ce in riƙe."

"Riƙon ƙwarya," in ji shugaba da sauri. "Nas ɗinmu ta tafi haihuwa."

Malam ya duba wayarsa, inda aka ce akwai ma'aikacin lafiya a bakin aiki, ya danna E. Na ce, "Malam, ba ka ji abin da ta ce ba?" Ya ce, "Hajiya, kunne ba ya cikin aikina."

Da aka zo kan tambayar motsa jiki, sai aka busa usur. Sai ga malamai goma sha wani abu, manya masu tumbi, sun fito daga ofis cikin manyan riguna da takalma sau-ciki, suna zagaya fili da sassarfa. Shugaba ya ce haka suke yi kullum. Kafin zagaye ɗaya ya cika, magatakarda ya zauna a ƙasa yana salati, hular wani ta faɗi an tattake ta, wani kuwa ya zarce bayan aji bai sake fitowa ba. Ni na ba magatakardan ruwa na yi masa fifita. Ina cikin fifitar na tambayi wata ɗaliba inda suke zuwa in ba su da lafiya. Ta ce, "Gida, Mama," ƙawarta ta taka mata ƙafa.

Tsarin da ke bango ya hana zaƙi da maiƙo. A ƙarƙashinsa aka jera mana soyayyen naman rago da lemon kwalba. Sannan aka kawo mini kifin dam ɗinsu, na musamman, wai sun ji ni 'yar Haɗeja ce. Na kalli kifin. A wajenmu irin wannan mayar da shi ruwa ake yi ya je ya turo uwarsa. Na ci na yaba. Muka sauka a wani masauki mai fanka wadda ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya, kuma tsintsiyar a cikin kayan ɗaki take, mai masauki ya nuna mini ita da kansa.

Talata da safe muka kama hanyar Babura. A Kanya Babba taya ta yi faci. Muna zaune a bencin mai faci muna shan rake, sai wani ɗan acaba ya wuce mu a guje, ya ɗaure gadon ƙarfe a baya, bokiti mai famfo na lilo a gefe. Na bi shi da kallo har ya ɓace.

Kamfanin riɗin yana can bayan gari, ta wajen iyaka. Rabin 'yan dakon mutanen Nijar ne, hira rabi naira rabi sefa, kuma ba a magana da baƙo sai ya sha shayi. Shayinsu ba irin namu na madara da burodi ba ne. Ɗan mitsitsin kofi ne, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe suga zalla. Na nemi in tsaya a na ɗaya, aka ce ba a yi.

Manajan, Alhaji Ilu, ya kai mu ɗakin shan magani, wanda ƙwayoyin riɗi ke maƙale a kowace kusurwarsa. Ga gado, ga bokiti, ga firam, an manna 'yar takarda a kan sunan kwaleji an rubuta na kamfani. Farar riga mai tabon biro yau tana jikin wani ƙato, shugaban 'yan dako, maɓalli ɗaya kawai ya shiga. A kan tebur kuwa ga mutuniyata mai jan tef. Har na ji kamar in gaishe ta, in yi mata ban gajiyar hanya.

Nan na gane. Abin da muke yi ranar biki ne: wannan maƙwabciya ta ba da tukunya, waccan ta ba da kafet, a gyara gida ya yi kyau, baƙi na watsewa kowa ya ɗauki nasa. Babu mai kiran wannan ƙarya, rufin asiri ake ce masa, ni ma na sha yi. Daga baya na ji kayan na wani mai kemis ne a Kazaure, kuma jadawalin tafiyarmu ya riga mu zagaya ƙasar.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Duk E ɗin da Malam ya danna a nan, ɗakin shan magani ƙara matsawa yake kusa da Talatu. Na ja bakina na tsuke.

Sikelin ne kawai bai iso da rai ba, ya fashe a hanya. Alhaji Ilu bai damu ba. Ya ce su a nan da sikelin riɗi suke auna ma'aikata, mai ƙugiya. Aka kawo buhu, wani ɗan dako ya shiga ya tsuguna, aka rataye shi yana lilo yana murmushi, Malam ya ɗauki hoto. Sai 'yan dako suka ce ai baƙo ma sai an auna shi. Malam ya ce wannan ba ya cikin tambayoyin. Kafin ya rufe baki yana cikin buhu. Mai farar riga ya karanta lambar, ya girgiza kai ya ce, "Baba bai kai buhu guda ba." Aka yi ta yi masa addu'a.

Tambaya ta gaba ta ce, akwai banɗaki mai tsabta na ma'aikata? Alhaji Ilu ya ce akwai, sai dai yana ɗan gaba kaɗan. Aka kira 'yan acaba uku. Muka ratsa gonakin da aka girbe, muka wuce rijiya, muka wuce garken shanu, ina ta tunanin halin ma'aikacin da ciki ya murɗa wa. Sai ga wani jandarma a gindin bishiya ya ɗaga hannu.

"Lahiya? Ina zuwa?"

"Ranka ya daɗe, banɗaki za mu," in ji Malam Haladu.

"Daga Najeriya?"

Sai a lokacin muka san mun bar ƙasarmu. Ba fasfo, ba katin komai sai na fansho. Jandarman ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya daɗe a wurin, ya ga masu shinkafa, ya ga masu fetur, bai taɓa ganin dattawa biyu sun ƙetaro ƙasa neman masai ba. Alhaji Ilu ya yi bayani cewa gidan surukinsa ne, sabon gini. Jandarman mutumin kirki ne, ya raka mu da kansa, ya leƙa, ya tabbatar da tsabta. Sai dai wayar ta ƙi ɗaukar hoton, ta rubuta cewa mun fita daga yankin aiki. Malam ya yi tunani, ya ce ido dai ya gani. Da muka dawo gida Najeriya ya danna E, ya ɗauki hoton Alhaji Ilu yana nuna arewa da yatsa.

Ni a ɗakin mahaifiyar Alhaji Ilu aka sauke ni, tsohuwar Bafulatana mai hannun dama fura. Ta tambaye ni aikin me muke yi. Na ce muna duba lafiyar mutane. Ta ce, "To wa kuka duba?" Na ƙara fura.

Laraba muka koma ta Kazaure, muka hau acaba zuwa Roni. Cibiyar ɗakuna uku ce, ana koyar da ɗinki da kafinta: malamai huɗu, ɗalibai tara, sai awakin maigadi. Shugabanta Malam Sabi'u ya tarbe mu da fara'a, gumi na keto masa. Ya gaishe mu har ƙasa, ya tambayi iyali, ya tambayi Haɗeja, ya tambayi ruwan bana. Aka kawo dafaffiyar gyaɗa. Aka kawo fura. Ya nuna mana kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya da tarihin kowanne. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ce a yi masa uzuri, ya zagaya bayan ɗaki, mu jiyo shi a waya: "Kana ina yanzu? Wace tasha? Su wa suka karɓa?" Ya dawo ya sake tambayar iyali.

Aka yi azahar, aka kawo tuwon dawa miyar kuka. Aka yi la'asar, ya fara ba mu labarin kakansa. Malam Haladu, wanda cikinsa ya cika a karon farko tun daga Dutse, ya ce rana na tafiya. Malam Sabi'u ya ciro mukulli ya buɗe ɗakin shan maganin. An share shi tas, an yayyafa ruwa. Babu komai a ciki sai ƙusa ɗaya a bango, sabuwa, tana jiran firam.

"Hajiya, Malam, ku rufa mini asiri. Wallahi alkawari aka yi mini. Ko gobe za ku dawo?"

"Gobe muna Gwiwa," in ji Malam, ya shiga danna A'a daga sama har ƙasa.

Bawan Allah ya raka mu bakin titi kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na tausaya masa, na kuma auna abina: Roni ba ta da komai, Gwiwa ba ta da komai, kunnen doki ke nan, mata sittin kuwa sun fi mutum goma sha uku ko an haɗa da awaki. Ban tsaya na tambayi kaina inda kayan suka nufa ba.

Hanyar ƙauyen su Talatu yashi ce. Ɗan acaban da ya ɗauko ni ya ce in riƙe da kyau, bai gama faɗa ba muka kwanta gefe ɗaya a hankali. Na tashi na karkaɗe zane. Tun daga nan na lura da abu ɗaya: babu hayaƙi. Wurin da ake suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun daga nesa ake hango hayaƙinsa, a jiyo ƙamshinsa. 

Guɗa ce ta tarbe mu. Mata sun yi anko, kowacce da takunkumi a hanci, an kafa rumfa, mai gari da liman na zaune a kujerun roba. An kashe wuta tun jiya, an share murhu, an wanke kasake an jera. Ɗakin ajiyar gyaɗa ya sha farar ƙasa. Ga gado, ga bokiti, ga firam, ga farar riga a jikin surukar Talatu, ga mai jan tef a tsakiyar tebur an ɗora ta a kan ƙyalle mai aiki. Ba su tsaya nan ba. Ga gado na biyu, ga keken guragu, ga jar tukunyar kashe gobara, ga sabon sikeli. An ce zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya faɗi haka bai san Talatu ba.

Ta rungume ni, ta ja ni gefe tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Rabi, kin ga aiki? Tun shekaranjiya na tura 'ya'yana tashar Babura, kayan na isowa suka yi gaba da su. Na Roni yana can yana jira."

"Talatu, ban ce kada ki wahalar da kanki ba?"

"Haka ake cewa mana. Ki zo garina da baƙon gwamnati, in bari ya ga aminiyarki cikin toka? Ina zan kai kunyarki?"

Na shiga yi musu hannunka mai sanda. Na ɗaga murya na ce, "Wannan gadon na wa ne?" Mata suka amsa baki ɗaya, "Namu ne." Sun sha bita. Na ce ina masu ƙuna, a nuna wa Malam hannu. Aka miƙo hannuwa sun sha lalle har gwiwar hannu, ba ka ganin tabo ko ɗaya. Waɗanda nasu ya yi muni an ce su zauna a gida yau. Na ce a kunna wuta mu ga yadda ake aiki. Mai gari ya ce haba, wa zai turnuƙe baƙi da hayaƙi.

Na kama hannun Talatu na zaunar da ita a gadon aro, na ɗaura mata na'urar yadda ake ɗaurawa. Gari uku ta zaga, wannan ne awon farko da ta yi. Lambar da na gani ta sa na sake. Ta biyu ta fi ta farko. Kwana uku matar nan ba ta zauna ba, tana shirin tarbata.

"Talatu, irin wannan jinin kashe mutum yake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ai yau ba ranar wanka ba ce, ranar baƙi ce. Rage murya, mai gari na ji."

Na sami Malam Haladu a gindin darbejiya yana goge wayarsa, zai fara ɗaukar hoto. Na ce ya dakata, kayan nan duk na aro ne, ga jan tef nan shaida.

"Na gan shi tun Babura, Hajiya. Na kuma ga kin gan shi."

Ya ci gaba da goge wayarsa.

"Na can sun riga sun tafi da E. In na ga gado a nan na danna A'a don ƙawarki ce, me zan ce wa Allah?" Ya cire hula ya shafa kai. "Amma ga wata. Ni zan je masallaci, kuma zan daɗe. Ki je ki faɗa mata abin da aka faɗa mana. In na dawo na tarar da ɗaki wayam, abin da ido ya gani shi zan danna."

Ban taɓa zaton haka daga gare shi ba, kuma har gobe ina ganin girmansa.

Na tafi. Na tarar da Talatu a tsakiyar mata tana rabon naman zabi, an zagaye ta ana yi mata kirari, mai gari ya aiko a gaya mata ta fitar da gari kunya. Fuskarta a kumbure, idanu jajur, amma ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba. Abin da zan ce mata shi ne ta sa a kwashe kayan nan a gaban mai gari da liman, a kira masu ƙuna su fito, a nuna wa baƙo ba su da komai. Na tsaya a kanta. Na tuna amana, amma ba zan yi ƙarya ba, ba amana ce ta riƙe ni ba. Ciwon gudun kunyar nan da ya sa ta aro, shi ya kama mini harshe. Ta ɗago ta ce, "Mene ne?" Na ce, "Ba komai. Gishiri ya yi yawa a miyar nan, ki rage ci." Ta sa mini cinya biyu a kwano.

Malam ya dawo daga masallaci, ya leƙa ɗakin, ya dube ni. Sannan ya ɗauki hotunansa.

Da na koma gida na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa shafi uku, na faɗi komai har da nawa laifin. Matashiyar ta kira ni, ta yi godiya, ta ce maki ya riga ya shiga, sai dai a duba a zagaye na gaba. Roni aka ba ɗakin. An ce da aka kira Malam Sabi'u ya ɗauka zolaya ce, ya kashe waya. Yanzu mutanen unguwa ma can suke zuwa awo, Allah ya sa albarka, ba ni da ta cewa. Gwiwa ta zo ta ɗaya, aka ba ta takardar yabo cikin firam mai ruwan zinare, aka ce tunda na san hanya in kai. Talatu ba ta san abin da takardar nan ta ci musu ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya kai mata.

Maganin da na bar mata ta sha na mako biyu, kai ya daina sarawa, ta ajiye. Ina kira a waya tana ce mini tana sha. Kwana goma kafin in koma ta faɗi a bakin kasko, karo na uku. Kafin a samo motar da za ta fitar da ita cikin yashin nan, rana ta yi nisa.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, an jingina ta da bango. Hannun dama a kwance kan cinya, baki ya ɗan karkace. Na zauna, na kwance firam ɗin daga cikin zane. Ta ce in karanta mata, na karanta: wurin aikin da ya fi kowanne kula da lafiyar ma'aikata. Ta ce in sake, na sake. Ta karɓa da hagu, ta ɗora a cinya, ta sa bakin mayafi tana goge gilashin. Maganarta a hankali take fita yanzu, sai da na matsa kusa.

"Rabi. Ba mu ba ki kunya ba, ko?"

Na riƙe hannun nan da ba ya motsi. Na ce, "Ba ku ba ni ba."